Igiya a Ƙafar Abba

Ni Larai dillaliya, da wuya a nuna mini gidan da ban taɓa shiga ba a Kwarbai. Na ga mugunta iri-iri a bayan labule, amma wadda aka yi wa Jummai a gidan Hajiya Ummukulsum, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Abin da ban gani da idona ba, na ji shi da kunnena.

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta ne. Duk macen da ta taɓa zama a aji sai da aka neme ta ta zo ta koyar, har da Sailuba, matar Malam Zailani ɗan Hajiya. To wa zai riƙe mata yaro? Hajiya ta aika ƙauyensu can bayan Kufena aka zo da Jummai, wata 'yar uwarsu ta nesa da mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Siririyar mace ce, ta ba arba'in baya, kuma Allah ya ba ta hannun reno. Yaro ko shiɗewa yake yi don kuka, tana ɗora shi a kafaɗa sai ka ji tsit.

Yaro ɗaya aka ce ta zo ta rena, Abba, ɗan farin Sailuba. Amma Hajiya mai son a yabe ta ce. Duk matar unguwa da ta sami aiki ta zo tana kukan rashin mai reno, sai ta ce, "Haba, kawo shi nan mana, ai muna da Jummai." Kafin damina ta yi nisa yara sun kai bakwai, wasu na rarrafe, wasu na tatata, ɗaya jaririya. Iyayen su kawo wa Hajiya turmin atamfa, sabulu, kwalin sukari. Jummai ko ɗankwali ba wanda ya taɓa miƙa mata. Kuma ba a ɗauke mata daka ba, ba a ɗauke mata wanki da girki ba.

Ga rijiya a tsakiyar tsakar gida. Bakinta daidai yake da ƙasa, ba gini ba murfi, sai wata gwafa da ake ɗaure igiyar guga. Gefenta kullum a jiƙe, ya yi gansakuka. Babba ma sai ya kafa ƙafa da kyau.

Ina zaune ina buɗe wa Hajiya kaya ranar da Jummai ta fara magana. Malam Zailani ya fito zai tafi ofis, akawu ne, ta durƙusa a gabansa da goyo a bayanta.

"Malam, don Allah a taimaka a rufe rijiyar nan. Yaran sun yi yawa, idona ba ya kaiwa."

Ko tsayawa bai yi ba. Yana goge madubin babur ɗinsa ya ce, "Inna Jummai, mu ma a tsakar gidan nan muka yi rarrafe, wa ya faɗa? Bari dai wata ya ƙare a kira kafinta."

Wata ya ƙare, ta sake durƙusawa. Ya ce kafinta ya tafi Kaduna. Ta koma wajen Hajiya, Hajiya ta ce rijiyar nan ba a rufe ta, mutanen ciki ba sa so, kuma ruwa in an rufe shi wari yake yi. Na ce, "Hajiya, tamu a rufe take tun ina amarya, ba aljanin da ya taɓa kawo ƙara." Ta harare ni ta ce in ji da tallata.

Akwai wani tsohon ƙyaure na katako, na ɗakin marigayi mijin Hajiya, jingine a bayan ɗakin girki, kaji na kwana a kansa. Wata safiya Jummai ta ja shi da kyar, tana nishi, har ta kusa kai shi bakin rijiya. Hajiya ta fito. Ba ta tambaye ta komai ba, ta kwaɗa mata mari har goyon bayanta ya farka.

"Ƙyauren ɗakin marigayi za ki ja a ƙasa? Ke wace ce a gidan nan? Mayar da shi inda kika ɗauko!"

Ta mayar.

Ba a jima ba wata yarinya mai rarrafe ta kai har baki, hannunta ɗaya ya riga ya leƙa ciki. Jummai ta watsar da muciya ta yi tsalle ta cafko ƙafarta. Kafin ta rarrashe ta ta koma, tuwo ya kama. Da dare ba a yi zancen yarinyar ba, zancen ƙauri aka yi. Hajiya ta ƙwala mata mara a goshi, wurin ya kumbura, aka ce kuma ƙanzon shi ne abincinta.

Daga nan ta samo dabara. Ta yayyaga tsofaffin zannuwanta ta tufka igiyoyi masu laushi. In za ta shiga ɗakin girki ko za ta yi daka, sai ta naɗe wa kowane yaro tsumma a idon sawu don kada ya ji ciwo, ta ɗaura igiyar a kan tsumman, ɗaya bakin a jikin babban turmi. Ta auna tsawonta, yaro zai yi wasansa a inuwa amma ba zai kai rijiya ba. Tana gamawa ta kwance su. Na gani na ce, "Jummai, wannan fa?" Ta ce, "Yaya Larai, gara a ce na ɗaure da a ce na kashe." Hajiya ma ta gani, kullum tana wuce su in za ta kewaya. Ba ta hana ba, ai 'ya'yan wasu ne.

Abba shi ba a ɗaure shi, don a bayan Jummai yake wuni. Sunan kakansa aka sa masa, marigayi mijin Hajiya, shi ya sa take ce masa "maigidana", ko ƙuda ba ta so ya sauka a kansa. Ita kuwa Sailuba kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta faɗin sunansa, ko Abban ma ba ta faɗa. Sai dai ta leƙa ɗakin girki in ba kowa ta ce a hankali, "Inna, yaron nan ya ci wani abu kuwa?" Kowa na yaba ta da kunya, Hajiya har tutiya take yi da ita.

Sai jaririyar da aka kawo ta yi zazzaɓi, ba ta yarda a ajiye ta. Dole Abba ya sauka, ga shi ya fara gudu, ya fi duk sauran ƙiriniya. A ranar nan sai Jummai ta naɗa masa tsumma har ninki biyu, ta ɗaure shi a turmi tare da 'yan uwansa, ta shiga hura wuta.

Ihun Hajiya na ji daga gidanmu. Na zari mayafi na shigo. Tana tsaye a kan yaron tana tafa hannu tana salati, daidai lokacin babur ɗin Malam Zailani ya tsaya a ƙofa, ya dawo cin abincin rana.

"Zailani, zo ka gani! An ɗaure ubanka a turmi! Ubanka, a gidansa, an ɗaure shi kamar ɗan akuya!"

Jummai ta fito da hayaƙi a ido ta durƙusa. "Hajiya, ki yi haƙuri. Hannuna biyu ne. Ga wuta, ga mara lafiya a baya, ga rijiya..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya kwance igiyar guga, jiƙaƙƙiya, ya ninka ta biyu ya fara zabga mata. Abin da ba zan manta ba shi ne, ba ta juya baya ba. Kowa in ana dukansa baya yake bayarwa, ita kuwa akwai 'yar mutane a bayanta. Sai ta fuskance shi, tana karɓar igiyar a fuska da ƙirji da wuya, tana ja da baya a gwiwa don kada bakin igiyar ya naɗo jaririyar. Leɓenta ya fashe. Yara duka suka kaure da kuka, Abba yana jan igiyarsa yana "Inna! Inna!"

Na shiga tsakani na ce, "Zailani, ka ji tsoron Allah! Matar nan ta isa ta haife ka!" Ya tsula mini ɗaya a damtse ya ce dillaliya ta fita masa daga gida. Igiyar ta suɓuce daga hannunsa, sai ya sunkuya ya ɗauki faskare. Jummai ta ɗaga hannun hagu ta tare kanta. Na ji ƙarar ƙashin, ƙas.

Nan ya tsaya, yana haki. Ya shiga ɗaki, aka kai masa abincinsa, ya ci ya koma ofis.

Da mai ɗori ya zo, Hajiya ta ce masa santsin bakin rijiya ne ya kwashe ta. Ya ja hannun, ya jera karare ya ɗaure, Jummai ta ciji zanenta ba ta yi ƙara ba. Hajiya ta tattara igiyoyin nan duka ta cusa a murhu a gabanta. Ta ce daga yau in ta ƙara ganin igiya a ƙafar yaro a gidanta, ɗaya hannun ma sai an ɗora shi.

Ka ce an rage mata yara? Ko ɗaya. Washegari iyayen suka kawo su kamar kullum. Suka ga fuskarta a kumbure, ga hannu a rataye, suka ce "Sannu, Inna," suka ajiye suka wuce. Na tare ɗaya daga cikinsu a soro na ce su haɗa baki su ce sai an rufe rijiya. Ta ce, "Gwaggo Larai, in muka yi magana a ce mu kwashe 'ya'yanmu. Ina za mu kai su? Aikin nan da kyar muka samu." Na sami Sailuba a ɗakinta na ce, "Ke ce uwa, ki gaya wa mijinki." Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Gwaggo, in buɗe baki a kan ɗan fari? Hajiya ta ji, a ce na yi rashin kunya, a kai har gidanmu." Ta ba ni man zafi ta ce in kai wa Inna, kada in ce daga wajenta ne.

Jummai ta koma tsare rijiya da jikinta. Ta kwaso tsintar shinkafa da gyaran ganye ta dawo da su bakin rijiyar, ta zauna ta ba ta baya, duk yaron da ya nufo ta tare shi da ƙafa. Daka kuwa da hannu ɗaya take yi, ta buga sau biyu ta waiwaya. Hannun ya kumbura har yatsu, ɗorin ya goce saboda ɗaukar yara, aka sake ja. Ta rame, idanunta suka faɗa. Ko bayan gida ba ta iya shiga sai in na leƙo na tsaya mata. Ta ce mini, "Yaya Larai, ko na rufe ido rijiyar nan nake gani." Na ce ta koma ƙauye mana. Ta ce, "In tafi in bar wa wa su?"

Ranar da abin ya faru, 'yan uwan Hajiya ne suka zo daga Ƙofar Kuyambana, mata manya, aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Ni ma aka kira ni in nuna musu zannuwa. Hajiya ta ce Jummai ta tashi daga bakin rijiya, zaman me take yi a gaban baƙi, ta shiga ta soya musu ƙosai. Jummai ta dubi yaran, ta dube ni. Na ce je ki, ina kallo. Na jawo masu rarrafen kusa da ni, amma baƙi suna ta ja mini kaya, wannan nawa, wancan a warware a gani.

Sailuba ta shigo daga makaranta, ta durƙusa tana gaida dangin miji, kanta a ƙasa. Ita ce fuskarta ke kallon rijiya. Ita ta fara ganin Abba yana bin wani ɗan tsako da gudu.

Na ga bakinta ya buɗe. Wallahi na ga sunan ya zo mata har leɓe. Sai idonta ya faɗa kan surukai jere a tabarma.

"Kai!" ta ce. "Kai! Kai yaron nan!"

Yara uku suka waiwayo, ban da shi. Ina zai san da shi ake? Tun da aka haife shi bai taɓa jin muryar nan ta kira shi ba.

"Abba!"

Jummai ce daga ƙofar ɗakin girki. Ya tsaya cak, ya juyo yana dariya, amma ƙafarsa ta riga ta hau gansakuka. Ƙafar ta tafi. Muka ji tsundum.

Mata suka miƙe suna salati, kowa na ihu ba mai motsi. Sailuba ta zube a inda take. Jummai ta kwance majanyi da hannu ɗaya, ta dangwara mini jaririyar a cinya, ta cije majanyin a haƙora, ta cilla guga ciki, ta kama igiyar da hannun dama ta naɗe ta da ƙafafu ta zurma. Hannu ɗaya ba ya riƙe mutum. Tun kafin rabi ta suɓuce. Akwai wani dutse da ya turo daga jikin rijiyar, na ji sa'ad da bayanta ya bugu da shi kafin ta kai ruwa.

Na leƙa. Ruwa ya kai mata wuya, ta jingina da bango, ga yaron ta tallabo shi a kan kafaɗa. Da haƙori da hannu ɗaya ta ɗaura masa majanyi a ƙarƙashin hamata, ta ƙulla a igiyar guga. Ta ce, "Ku ja." Muka ja, ni da baƙi biyu. Ya fito jikinsa ya saki. Na kifa shi a cinyata na danna, ya amayo ruwa, ya tsala kuka. Sailuba ta rarrafo ta fizge shi ta ƙanƙame, a gaban kowa, tana "Abba, Abba, Abba." Yanzu ta iya.

Muka sake zura igiya, Jummai ta ce ƙafafunta ba sa motsi. Mata ba za su iya ɗago ta ba. Na ce a kira maza. Hajiya ta ce maza ba sa shigar mata gida mai gidan ba ya nan, a aika ofis a kira Zailani. Na ce, "Hajiya, in kin ga dama ki kai ni gaban alƙali." Na fita kan titi ba mayafi na jawo wasu leburori da ke kwaɓa ƙasa a maƙwabta. Ɗaya ya shiga ya ɗauro ta. Da aka shimfiɗe ta a tsakar gida, abin da ta fara tambaya shi ne ko an sauke man da ke kan wuta, kada wani yaro ya je wurin.

Malam Zailani ya dawo, aka ba shi labari. Kun san abin da Hajiya ta ce? Ta ce Jummai ce ta razana yaron. Da ba ta daka masa tsawa ba, da ya bi tsakonsa ya wuce ta gefe. Baƙi suka ce gaskiya ne, ai sun gani da idonsu, sai da ta ƙwala kira sannan ya faɗa. Zailani ya tsaya a kanta tana kwance ya ce, "Kin ci darajar halin da kike ciki." Sailuba tana jin su, ta san wa ya fara ganin yaron, sai ta ɗauki ɗanta ta shige ɗaki.

Ba a kai ta asibiti ba, aka ce abin mutanen rijiya ne, sai turare. Aka kwantar da ita a ɗakin da ke kusa da turken awaki. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin komai, fitsari ma sai dai ta ga ya zubo. Ni nake shiga in gyara ta in ba ta kunu. Bayanta ya fara gyambo. Hajiya ta ce wari ya hana ta cin abinci, kuma su ba su da mai jinya, ta koma cikin danginta ya fi mata rufin asiri.

Aka samo motar itace mai komawa bayan Kufena. Motar ba ta shiga lungu, ga mace ba ta zaunuwa, sai aka rasa a kan me za a ɗauke ta. Zailani da kansa ya je bayan ɗakin girki ya kakkaɓe kashin kaji daga ƙyauren marigayi. A kansa aka ɗora ta aka fita da ita. Abba yana bin su yana kuka har soro, aka riƙe shi. Da suka dawo da ƙyauren, Zailani ya ce da abokin ɗaukarsa, "Kai, ajiye shi nan kawai." Suka kifa shi a bakin rijiya. Ya zauna daram, kamar don ita aka yi shi. Ban ji Hajiya ta ambaci marigayi ba, ban ji ta ambaci mutanen ciki ba, kuma har yau ruwan bai yi wari ba.

Ni dai ga abin da zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Kun fita aiki, madalla, ba wanda ya ce kada ku fita. Amma kun ɗauki abin da kuka fi so a duniya kun danƙa wa matar da kuka fi rainawa a gida. Ba ku tambaye ta me take bukata ba, da ta faɗa kuka ce sai wata ya ƙare. Mai reno ba ta nemi atamfa ba, ba ta nemi godiya ba. Murfi ta nema, da wanda zai karɓar mata muciya in yaro ya yi kuka. Kunyar da za ta hana uwa kiran ɗanta a bakin rijiya, ni ban ga mutunci a cikinta ba. Kuma namijin da zai karya hannun da ke goya masa ɗa ya zauna ya ci tuwon da hannun ya tuƙa, Allah ya isa.

Jummai ba ta ga kaka ba. Mai kawo mana itace ne ya faɗa, a tsaye, yana sauke kaya.

Iyayen yara suka kwashe 'ya'yansu, biyu daga ciki suka bar aikin. Renon Abba ya zama sai Hajiya, kafin a samo wata daga ƙauye. Yaron ya ƙi zama. Da ya ga an yi sakaci sai ya nufi soro da gudu, hanyar da ya ga an bi da Innarsa, rannan har titi aka tsinto shi a gaban mai keke.

Na shiga gidan wata hantsi da kayana a ka. Na same shi zaune a gindin turmi, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Igiyar akuya ce a ƙafarsa, ta kaba, ba tsumma ba komai, ta goge masa fata har ta yi ja. Hajiya tana ɗakin girki tana fama da hayaƙi.

Na sauke kayana. Na ce, "Hajiya, maigidan naki ne a ɗaure?"

Ta fito tana share ido da bakin zane. Ta ce, "To ya zan yi da shi, Larai? Hannuna biyu ne."